Ƙararrawar Turmi na Tara

Shekara goma sha tara muna shago ɗaya da Malam Sakan, katako ne kawai ya raba mu. Ni ina yankan makulli ta bakin ƙofa, shi yana gyaran agogo ta ciki, inda ƙurar titi ba ta kaiwa sosai. In na kunna injina sai ya ɗago kai ya ce, "Mai makulli, kana girgiza mini tebur." Ni kuma in ce masa ai ba da lallashi ake yanka ƙarfe ba. Kullum sai mun yi wannan, kuma ba mu taɓa rufe shago da fushin juna ba. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, to na san shi, ba irin sanin waɗanda suka ji labarinsa a rediyo sau ɗaya suka hau tsine masa ba.

Sunan Sakan ma ni na laƙaba masa. In ka ce masa ƙarfe biyu ta yi, sai ya dubi tsintsiyar hannunsa ya ce, "Da saura sakan arba'in." Gajere ne, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo, idonsa na dama ya fi na hagu ƙanƙancewa don gilashin da yake maƙalawa a ciki tun yana saurayi. Mahaifinsa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mai ɗaga tuta, kuma a wurinsa ya koyi cewa wanda aka ba lokaci ya riƙe ba ya waige-waige. Matarsa ta rasu kafin in san shi. 'Yarsa ɗaya ce, malamar makaranta, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Duk Lahadi sai ta kira shi a waya ta yi masa faɗa a kan rashin cin abinci.

Gyaran agogo shi ne abincinsa, amma abin da yake taƙama da shi daban ne. Shi ne mai riƙe lokaci a damben zamani. Duk wasan da za a yi a babban ɗakin wasanni na garinmu, na masu koyo ne ko na ƙwararru, shi ke zama a wani ɗan tebur a gindin dandamali. Agogo biyu ne a gabansa, irin waɗanda ake dannawa su tashi, a sake dannawa su tsaya. Ɗaya na minti ukun turmi, ɗaya na minti ɗayan hutu. Ga ƙararrawa, ga 'yar guduma. In saura sakan goma turmi ya ƙare sai ya ƙwanƙwasa tebur sau uku don alƙalin wasa ya shirya, in lokaci ya cika ya buga ƙararrawa. Aikin ke nan. Shekara ashirin da shida yana yinsa, ba a taɓa kama shi da kuskuren sakan ɗaya ba.

Abin da zai ba ka dariya, mutumin nan bai taɓa kallon dambe ba. Wallahi kuwa. Kujerarsa ta fi ta kowa kusa, har gumin 'yan dambe yana fantsamo masa a riga, amma hular hana-salla yake sawa ya janyo bakinta ƙasa, idonsa a kan agogo daga farko har ƙarshe. In alƙalin wasa ya tsayar da faɗa, da kunne yake ji ya danna. In ya ce a ci gaba, da kunne yake ji ya sake dannawa. Washegari sai ya shigo shago yana tambayata yadda wasa ya kasance, ni da na kalla daga can kujerun sama. Na sha ce masa, "Malam, kai fa an cuce ka. An ba ka kujerar manya an hana ka ido." Sai ya ce, "Kowa a ɗakin nan dambe yake kallo. In ni ma na kalla, wa zai kalli agogo?"

Ɗan damben da labarin nan ya shafa, Tsinke muke ce masa, don yana ƙarami iska ma kaɗa shi take yi. Gidansu layi biyu ne bayan shagonmu. Uban ya daɗe da rasuwa, uwar tana aikin wanki da guga a wani otal, ita ta raine shi. Wurin da yake horo yana saman wani shagon kayan gini da ke kallon namu, don haka kullum ta gabanmu yake wucewa, kuma bai taɓa wucewa bai leƙo ya gaida Malam ba. Baba yake ce masa. Malam ne ya buga masa ƙararrawa a wasansa na farko, haka a na biyu, haka a duk wanda ya yi a gida, har ya zama ƙaton da sai ya karkata yake shigowa ƙofarmu. Sunan dai bai sake shi ba.

Da ya ci wasa ashirin da uku a jere aka ba shi damar karawa da mai riƙe da kambun duniya na ajin nauyinsa, kuma mai kambun ya yarda ya zo har garinmu. Kai, ka ga hauka! Hotonsa a jikin motocin haya, a shagon aski, a rigunan mutane. Waɗanda ba su san bambancin turmi da hutu ba suka zama malaman dambe. Hukumar dambe ta sa Malam a kan agogo kamar yadda ta saba, babu wanda ya ce uffan. Kwana uku ya yi yana kwance agogunan nan biyu yana goge su da ɗan burushi, yana gwada su da siginar rediyo. Na ce masa ko amarya ba a yi mata wannan gyara.

Ranar Asabar aka yi, ƙarfe huɗu na yamma, don ya dace da masu nunawa a talabijin na ƙasashen waje. Ɗakin da ya saba ɗaukar mutum dubu biyar, ranar an cusa ninki biyu, ga ganguna, ga usur, ga ihu. Turmi takwas Tsinke yana gaba. Ba son kai ba ne, daga baya an fito da takardun masu ba da maki, biyu cikin uku shi suka ba. Amma shi ma ya sha duka, don baƙon nan hannunsa ba na wasa ba ne.

A tsakiyar turmi na tara robar da Tsinke ke sawa a baki don kare haƙora ta faɗi ƙasa. Alƙalin wasa ya tsayar da faɗa, ya matso jikin igiya daidai saman kan Malam ya yi masa ihu, Malam ya ji ya danna agogo ya tsaya. Har nan babu laifi. Aka kai Tsinke kusurwarsa a wanke robar a mayar masa. To yanzu fa Malam yana jiran ya ji an ce a ci gaba, amma hayaniya ta kai ko bugun gudumarsa ba ya ji, alƙalin kuma ya koma can tsakiya. Babu yadda zai san an tashi sai ya gani. Sai ya ɗaga bakin hula.

Abin da ya faru daga nan, daga bakinsa na ji. Ya ce ya ga alƙali ya haɗa hannuwa alamar a ci gaba, kuma babban yatsansa yana kan maɓalli. Amma kafin ya danna sai idonsa ya faɗa kan fuskar Tsinke. Idon hagu ya rufe, leɓe ya tsage, jini har ƙirji. Ya sha ganin fuskokin 'yan dambe a kumbure bayan wasa, amma bai taɓa ganin lokacin da naushi ke sauka ba. Ya ga baƙon ya kai masa ɗaya a muƙamuƙi, kan yaron ya yi baya ya dawo. Ya ga na biyu. Ya ce mini, "Mai makulli, ban san haka ake yi musu ba." Da ya tuna ya mayar da ido ƙasa, allurar agogo tana tsaye inda ya bar ta.

Ya danna, agogo ya tashi. Amma bai san tsawon lokacin da ya yi yana kallo ba, ko sakan biyar ne ko hamsin. Nan ne nake jin haushinsa har gobe. Da wani ne, sai ya yi kirdado ya rage, ya buga ƙararrawa da wuri, kowa ya koma kusurwarsa, a wuce wurin. Shi kuwa ya zauna yana kallon allura tana tafiya har ta cika minti uku. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ban taɓa buga ƙararrawar da agogo bai ba ni ba. In na yi kirdado na rage, na cuci baƙon. Ban san da me zan auna ba."

Daga baya da aka ƙirga, kafin ƙararrawa ta buga turmin ya yi minti uku da sakan talatin da huɗu. A sakan na ashirin da biyu bayan lokacin da ya kamata a ce Tsinke yana zaune a kusurwarsa yana shan ruwa, baƙon ya same shi da hannun dama a gefen kai. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi dandamali. Alƙali bai ma ƙirga ba, likita ya kira. Daga inda nake zaune na ga an fita da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, hannunsa ɗaya yana reto da safar dambe a jiki. Ɗakin nan mai mutum dubu goma ya yi tsit.

Ranar Litinin Malam ya zo shago ƙarfe bakwai da rabi kamar kullum, ya zauna, bai buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya gaya mini komai tiryan-tiryan. Na tashi na janyo ƙofa na ce, "Wa ka gaya wa bayan ni?" Ya ce ya rubuta a takardar rahoton wasa. Na ce, "Ina takardar?" Ya ce ya miƙa tun ranar. Ban san lokacin da na jefar da magagari ba. Na ce, "Malam, kai wane irin mutum ne? Cikin rikicin nan wa ya lura? Wa ya tambaye ka?" Ya ce, "Gurbin a takardar yake, an rubuta tsawon kowane turmi. Me zan sa?" Ko da bai rubuta ba ma, masu talabijin sun zauna sun ƙirga. Kafin Laraba maganar tana kowace tashar rediyo.

Hukuma ta zauna mako biyu. Abin da ta fito da shi shi ne, a ƙa'ida ƙararrawa ce ke ƙare turmi, kuma naushin ya sauka kafin ƙararrawa, saboda haka sakamako yana nan. Baƙon ya riga ya koma ƙasarsu da kambunsa. Alƙalin wasa ya ce shi ba agogo aka ba shi ba. Masu shirya wasa suka ce su ɗaki da fitilu suka tanada. Kocin Tsinke, wanda da idona na ga yaronsa yana tangaɗi bai jefa tawul ba, shi ya fi kowa ɗaga murya a rediyo. Kowa ya kakkaɓe rigarsa, aka bar tsoho ɗaya mai hular hana-salla. Hukuma ta soke sunansa har abada, da wasiƙa mai layi huɗu.

Sai gari ya ɗauka. Aka ce saye shi aka yi. Saye! Mutumin da takalminsa ɗaya na sani tun da muka haɗu, ana yi masa faci a kan faci. Wani direba ya tsaya a ƙofarmu yana faɗin haka, na fito da guduma a hannu, sai da maƙwabta suka riƙe ni. Masu agogo suka riƙa zuwa suna karɓar kayansu ba a gyara ba, wasu ko sallama babu. Wata safiya muka tarar an rubuta talatin da huɗu da jan fenti a ƙofar shago. Na shafe, aka sake, na sake shafewa, a na uku na bar musu. Ni ma masu yankan makulli suka ragu. Matata ta ce in nemi wani shago, na ce mata in ta ga na tashi daga nan to gini aka rushe.

'Yarsa ta zo da mota da mijinta, ta haɗa masa kaya da kanta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a nan gaban teburina. Ta ce, "Baba, me ya rage maka a garin nan? Ka zo mu tafi, ga ɗaki, ga jikokinka." Ya ce, "Sai na ga yaron." Wannan kaɗai yake so a duniya. Ba ya neman a mayar da shi kan agogo, ba ya neman gari ya daina zaginsa. So yake ya tsaya gaban Tsinke ya faɗa masa da bakinsa abin da ya yi, ya ji abin da zai ce, ko da tsinuwa ce. Ta kwance kayan ta tafi.

An yi wa Tsinke aiki a kai, ya yi kwana ashirin da uku bai farfaɗo ba. Ranar farko da aka bar masu dubiya, na raka Malam asibiti. Muka tarar da uwar a baranda a kan benci, da kayan aikinta na otal a jiki. Na ɗauka za ta yi ihu, har na shirya shiga tsakani. Ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, an ce sakan talatin da huɗu." Ya ce, "Haka ne." Ta nuna agogon bangon da ke saman ƙofar ɗakin ta ce, "Na zauna na ƙirga su a wancan. Malam, suna da yawa." Sannan ta ce kada ta ƙara ganin ƙafarsa a wurin.

Bai ƙara hawa barandar ba, amma bai daina zuwa ba. Akwai wani benci a ƙasa, gefen wurin karɓar magani. Kullum ƙarfe huɗu sai ya rufe ɓangarensa ya tafi ya zauna a kai har a kaɗa masu dubiya, sannan ya koma gida. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya san yana yi sai ni da mai gadi. Na ce masa wannan wahalar banza ce, yaron bai san kana nan ba, uwar ba ta son ganinka. Ya ce ya sani. Wasu ranakun nakan bi shi ina mita tun daga shago har asibiti.

Bayan wata uku aka sallami Tsinke aka kai shi gida. Labarin da muke ji a bakin mutane shi ne ya tashi, yana magana, amma ɓarin hagu ba ƙarfi. Malam ya rasa bencin zuwa. Sai ya zauna a shago daga safe har yamma, hannuwa a kan gwiwa. Wata rana na ba shi agogona ya sa mini batir, don dai ya sami abin yi, ya yi ta fama murfin ya ƙi rufuwa. Na karɓa na ce ai dama murfin ya lanƙwashe. Injina ma in na kunna ya daina cewa komai, kuma wallahi wannan ya fi komai damuna.

Wata bakwai bayan wasan, da hantsi, sai ga uwar Tsinke a ƙofar shago. Ta rame, ta yi baƙi. Ba ta shigo ba, ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Malam, yana ta tambayarka. Kullum. Na gaji da ce masa ka yi tafiya. Ka zo yau da yamma." Ta juya, sannan ta waiwayo ta ce, "Ba don kai ba ne." Malam ya miƙe tsaye. Ya je gida ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya ce in raka shi.

Ɗaki da falo ne a hawa na biyu. An fito da gado falo, an tura kujeru jikin bango. Tsinke yana zaune a bakin taga, an tokara masa filo ta hagu. Naman nan duk ya zube, wuyan riga ya yi masa yawa, ga tabon ɗinki daga saman kunne ya zagaya baya. Hannun hagu yana kan cinya da 'yar ƙwallon roba a ciki. Yana ganinmu fuskarsa ta washe, rabinta dai. Ya ce, "Baba!" Maganar a hankali take fita, kamar harshen ya yi masa nauyi. "Baba, ka guje ni."

Malam ya durƙusa. Na kama kafaɗarsa in ɗaga shi, ya ture hannuna. Tsoho mai shekara sittin da bakwai, gwiwa biyu a ƙasa gaban sa'an ɗan cikinsa. Ya fara tun daga faɗuwar robar baki, bai tsallake komai ba, bai sassauta wa kansa ba. Ya faɗi ɗaga hular, ya faɗi allurar da ke tsaye, ya faɗi cewa ya iya ragewa bai rage ba. Tsinke yana kallonsa baki a buɗe. Da ya gama, yaron ya juya wurin uwarsa ya ce, "Mama, an yi wasan?" Ta ɗaga kai alamar e. Ya ce, "Na faɗi?" Ta sake ɗaga kai. Ya dubi hannunsa na hagu kamar yau ya fara ganinsa, sai ya fashe da kuka. Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Ya daɗe yana yi. Da ya lafa sai ya miƙa hannun dama ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Baba, tashi. Ni ka tsaya kallo ai. Tashi, na yafe. Wallahi na yafe." Malam ya kifa kai a gwiwar yaron, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na juya na fuskanci bango ina share ido. A raina na ce alhamdu lillahi, yau dai an sauke wa bawan Allahn nan kayan da ya ɗauka. Uwar ta shiga ciki ta kawo shayi ta ajiye. Na lura fuskarta ba ta canza ba, amma na ɗauka fushinta ne bai huce ba.

Muka zauna muna kurɓa. Wata mota tana sauke buhunan siminti a ƙasa, Tsinke ya juya yana kallon masu ɗauka ta taga. Bai fi minti goma ba. Da ya juyo sai ya yi turus, fuskarsa ta sake washewa. Ya ce, "A'a, Baba! Yaushe ka shigo?" Kofin da ke hannun Malam ya karkace, shayi ya zubo masa a riga. Tsinke ya ce, "Mama, ba ki gaya mini Baba ya zo ba. Baba, kai ne a kan agogo ranar Asabar ko?"

Uwar ta yafito mu muka fita bakin matakala, ta janyo ƙofa. Ta ce likitoci sun gaya mata tunaninsa ya tsaya a makon da za a yi wasan. Abin da ya wuce kafin nan yana nan daram, amma sabon abu ba ya zama, minti kaɗan ya goge, kuma ba sa sa ran zai gyaru. Ta ce, "Sau goma sha ɗaya na gaya masa an yi wasan, sau goma sha ɗaya ya yi kukan da kuka ji. Na daina. In ya tambayi hannunsa sai in ce a horo ya ji ciwo. Yau na bar ka ka faɗa don ka gani da idonka." Ta ce in Malam yana so ya riƙa zuwa, ya zo, don yaron yana samun natsuwa in ya gan shi. Amma da sharaɗi ɗaya. "Kada ka ƙara gaya masa. In ya tambaye ka, ka ce masa e. Ran da ka sake sa shi kukan nan, ran nan ne zuwanka na ƙarshe."

A hanya na yi ta magana ni kaɗai. Na ce, "Malam, ai ka samu abin da kake nema. Ya yafe, da kunnena na ji, har rantsuwa ya yi. Ni shaida ne duniya da lahira." Muka kai kwanar shago. Sannan ya ce, "Wanda ya yafe ɗin yana ina? Na cikin ɗakin can bai san na yi masa komai ba." Har yau ban samu amsar wannan ba, kuma na nema.

Yanzu shekara guda da wata biyu ke nan. 'Yarsa ta daina maganar ɗaukarsa. Ɓangarensa na shago ya koma wurin ajiye kwalayena, shi dai yana zuwa ya zauna. Talata da Juma'a da yamma yakan tafi gidan su Tsinke, bai taɓa fashi ba. Uwar takan buɗe masa ƙofa ta koma ciki, ba ta taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba. Makon jiya na raka shi, don gwiwarsa ta fara ba shi wahala a matakala.

Muna shiga Tsinke ya yi murna kamar ya shekara bai gan shi ba. Ya ba mu labarin baƙon, ya ce ya kalli wasanninsa, yana sauke hannun hagu in ya gaji, a turmi na goma zai kama shi. Sannan ya ce, "Baba, kai ne a kan agogo ranar Asabar ko?"

Malam ya ce, "Ni ne."

"To shi ke nan, hankalina ya kwanta. Kai ba ka kuskure."

Malam ya ce masa Allah ya kai mu. Kafin mu tashi sai da ya sake tambayarsa sau uku, kuma sau ukun duk ya amsa.